Don Allah a taimaka: wai homon ɗin mata ne ke mayar da ƙwaƙwalwar ɓera ta namiji?

Ummi_Gwammaja | Juma'a, 9:52 na dare

Assalamu alaikum yayye da malamai, barkanmu da dare. Ina da tambaya amma don Allah kar a yi min dariya. Ina aji uku a fannin fiziyoloji, ranar Litinin muna da tes, kuma akwai wani waje a lakcar Laraba da tun daga aji har na hau adaidaita na sauka a unguwarmu kaina ya ƙi ɗauka. Malamin ya ce wai a ɓera, abin da ke sa ƙwaƙwalwar jinjiri namiji ta ginu irin ta maza ba testostiron ba ne kai tsaye, wai istirojin ne, dukansu homon ne, wato sinadaran da jiki ke sakewa cikin jini su kai saƙo. Na ɗauka ni ce ban ji daidai ba don ina can baya ga ƙarar janareta, na leƙa littafin ta kusa da ni na ga ita ma haka ta rubuta. To ni tun sakandare abin da na sani istirojin na mata ne, testostiron na maza. In kuwa istirojin ne ke yin wannan aikin, ita uwar da ke ɗauke da cikin ai jininta cike yake da shi, me ya hana duk 'ya'yan su fito da kan maza har da matan? Sannan wai me ake nufi ma da ƙwaƙwalwar namiji a ɓera, buɗewa ake a gani ko a hali ake ganewa? Kuma ya ce akwai lokacin da in ya wuce shi kenan ko an yi allurar ba ta ci, wane lokaci ne wannan? Handawut ɗin shafi biyu ne kacal kuma duk gajarce-gajarcen kalmomi ne. Wanda ya sani ya warware min da Hausa yadda zai zauna, Allah ya biya shi.

Sarkin_Musu | Juma'a, 10:04 na dare

Hhhh yanzu har ɓera aka kai ga leƙa wa ƙwaƙwalwa? Na gidanmu dai mace da namiji halinsu ɗaya ne wlh, shekaranjiya suka huda min buhun masara. Allah ya ba da sa'a ƙanwata, bari masu abin su zo, ni ɗan kallo ne.

TsohonƊanLab | Juma'a, 11:15 na dare

Wa alaikumus salam 'yata. Ni ba lakcara ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, na daɗe ina kiwon fararen ɓerayen nan Wistar da ake ba ɗalibai su yi furojet da su. Zan ɗauki tambayarki ta biyu da ta uku, ta farkon a bar wa masu manyan digiri.

Ki fara sanin yadda ake haifar abin tukuna. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. Ranar da ta haihu in kika leƙa kejin za ki ga wasu 'yan jajayen tsoka a curi guda, takwas, goma, wani lokacin sha biyu, ba gashi, ido a rufe, kunne a manne, kowanne bai wuce giram 5 ko 6 ba, fatar ma don rashin kauri har madarar da ya sha kina hangowa fari-fari a cikinsa. Ido ba ya buɗewa sai wajen kwana 14. Wato ɗanye shakaf ake haifarsa, ƙwaƙwalwar ba ta gama haɗuwa ba, shi ya ba masu bincike damar sa mata hannu bayan haihuwa ba sai sun bi ta cikin uwa ba. Lokacin da malaminku ke nufi yana farawa wajen kwana 18 na ciki, sadda 'ya'yan marainan ɗan tayi namiji ke zubo testostiron da yawa, sannan a 'yan awannin farko bayan haihuwa ya sake tashi, ƙofar kuma tana rufuwa wajen kwana 10 da haihuwa.

Gwajin da zai zauna miki a ka shi ne na wani mai bincike Barraclough a 1961. Jinjirar ɓera mace 'yar kwana 5 ya yi wa allurar testostiron sau ɗaya tak. Ta girma lafiyarta ƙalau tana ci tana sha, amma ba ta sakin ƙwai, ta zama juya. Wadda aka yi wa irin allurar tana da kwana 20 kuwa ko a jikinta. Magani ɗaya, bambancin sati biyu ne kawai tsakaninsu. A cikin mai ake narkar da homon ɗin kafin a zuƙa a sirinji, sau da yawa ma man riɗi, e riɗin nan dai na kantu.

Sai ki juya abin. A fiɗiye namiji ranar da aka haife shi, a bar shi ya girma, sannan a ba shi istirojin da furojestaron, homon ɗin mata, a haɗa shi keji ɗaya da wani namijin. Yana hawansa sai ki ga ya gantsare baya, ya ɗaga ƙugu da kai, ya kawar da wutsiya gefe, sak yadda macen da ke neman barbara take yi. Gantsarewar nan ita ake ƙirgawa, a hawa goma sau nawa aka gantsare. Amma wanda aka bari sai da ya balaga sannan aka fiɗiye shi, ko kin ɗura masa homon ɗin matan da wuya ki ga ya yi, shi abin da ke samunsa sha'awar ce za ta yi ta sanyi cikin makonni har ya daina kula mata, ana mayar masa da testostiron kuma ya koma ruwa kamar ba a yi komai ba. Ni nakan ce wa ɗalibai su je marinar Ƙofar Mata su tsaya su kalla. Kafin a tsoma yadi a baba an riga an ɗaɗɗaure shi da zare, zanen yana cikin ɗaurin, rinin fito da shi kawai yake yi. Homon ɗin jarirantaka shi ne ɗaurin, na balaga shi ne babar. In ba a ɗaure ba ki yi ta tsomawa har magariba, shuɗi za ki samu ba zane.

Maganar ko ana gani da ido, ana gani. A 1978 Roger Gorski da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis suka ba da rahoton wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya a gaban haifotalamus, wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ne SDN-POA ɗin da na tabbata yana cikin handawut ɗinki. Na namiji ya ninka na mace kamar sau uku zuwa biyar, girman bambancin har ya kai in an yanka ƙwaƙwalwar siriri an rina ta a kan gilashi, wanda ya saba zai ɗaga a haske ya faɗi jinsin ba tare da ya sa a madubin ƙara girman abu ba. Fiɗiye babba ba ya rage girmansa, fiɗiye jinjiri kuwa yana ragewa.

Wani abu da zai yi miki amfani ranar furojet, ki koyi raba jarirai maza da mata. Tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura ake dubawa, ta namiji ta fi tsawo sosai, ita ma kuma aikin testostiron ɗin ciki ce. Wajen kwana 10 kuma kafin gashi ya rufe za ki ga kan nono jere a cikin macen, namijin ɓera ba shi da su sam. Shekarun baya wasu ɗalibai suka raba nasu ba su kira ni ba, suka manna takarda a keji wai maza zalla, bayan wata biyu da 'yan kwanaki muka shigo da safe muka tarar maza zalla sun haifi tara.

Anti_Dakta | Asabar, 6:40 na safe

Baba TsohonƊanLab Allah ya ƙara girma, labarin maza zallan nan ya sa na kusa ƙwarewa da shayi.

Ummi ƙanwata kunnenki lafiya lau, haka malaminku ya faɗa kuma haka abin yake, mu ma ranar da aka fara gaya mana sai da aji ya kaure da surutu. Rikicin daga sunan da aka laƙaba musu ne, wai wannan na maza wancan na mata, alhali kowane jinsi na da duka biyun, kuma shi istirojin ɗin ma daga dangin testostiron jiki ke ƙera shi, ko a jikinki gidan ƙwai sai ya fara yin na mazan sannan ya juya shi. Mai juyawar wani inzayim ne, wato sinadarin da ke juya wani abu zuwa wani a jiki, sunansa aromates.

Kin san Wapa ai. To ki ɗauki testostiron a matsayin dala. Marainan ɗan tayi suka sako ta cikin jini ta bi ta shiga ƙwaƙwalwa, a can ciki kuma, musamman haifotalamus da wani sashen da ake kira amigdala, ɗan canji na zaune yana jira, aromates kenan, nan take ya canjar da ita zuwa istaradiyol wanda shi ne mafi ƙarfi a gidan su istirojin, to da wannan kuɗin ake biyan magina. Wani mai bincike Naftolin da abokan aikinsa ne suka nuna akwai aromates a ƙwaƙwalwa a farkon shekarun 1970. Hujjar da za ki rubuta a tes: in aka ba jinjiri namiji maganin da ke toshe aromates, marainansa na nan testostiron ɗinsa na nan, amma ya girma yana gantsarewa irin ta mata. In kuma aka yi wa jinjira mace allurar istaradiyol mai yawa, ƙwaƙwalwarta ta karkata ta maza ko da ba ta ga ɗigon testostiron ba.

Yanzu tambayarki ta uwa, wadda gaskiya ita ce tambayar mai hankali, da ni ce malamar sai na ƙara miki maki. Hantar ɗan tayi na yin wani furotin da ake kira alfa-fitofurotin, AFP, ya cika jininsa maƙil. A ɓera aikinsa kamar 'yan kwastan ne a kan hanya, duk istirojin ɗin da ya tsallako daga uwa sai ya cafke shi ya riƙe a cikin jini ba zai bar shi ya isa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba. Shi kuwa testostiron ba ya cikin kayan da ake kamawa, sai ya wuce salin-alin, sai ya shige ciki sannan ya rikiɗe, lokacin kwastan na can waje. Ita jinjira mace gidan ƙwanta shiru yake a wannan tsakanin, ba ya fara aiki sosai sai bayan kamar sati guda da haihuwa, ga na uwarta an tare, shi kenan ta tsira. Allurar istaradiyol mai yawan da na ambata tana ci ne don ta fi ƙarfin masu tarewar. An daɗe ana musu ko AFP mai gadi ne ko ɗan dako ne da ke kai istirojin ɗin ciki, sai a 2006 Julie Bakker da abokan aikinta a Beljiyam suka yi aiki da ƙananan ɓeraye da aka cire wa ƙwayar gadon AFP, matan suka fito ba sa haihuwa, ba sa gantsarewa yadda ya kamata, suna hawan 'yan uwansu mata, da aka toshe aromates tun suna ciki kuma sai suka fito daidai. Ki lura na ce ƙananan ɓeraye, mu a Hausa ɓera duk ɓera ne amma a lab iri biyu ne, babba irin na su Baba da ɗan ƙaramin nan mai giram 25 zuwa 30, kar ki haɗe su a amsarki.

To in ya shiga me yake yi? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don mutum zai ɗauka ƙara gini yake, ashe yawancin aikin zaɓen wanda zai rayu ne da wanda zai mutu. SDN ɗin da Baba ya faɗa, mace da namiji kusan da adadi ɗaya suke farawa, a macen ne ƙwayoyin ke mutuwa da yawa a kwanakin farko, a namijin istaradiyol ya hana su mutuwa. Maƙwabcinsa kuma, wani ɗan gurbi AVPV, akasin haka ne, homon ɗin nan dai guda shi ke kashe ƙwayoyin a namiji, sai ya zama na mace ya fi girma. AVPV ɗin ne ke ba da umarnin ambaliyar wani homon, LH, da ke sa a saki ƙwai duk kwana 4 ko 5 a macen ɓera, kin ga ke nan dalilin da ya sa ta Barraclough ta zama juya, gidan ƙwanta ba shi da laifi, mai ba da umarnin ne aka kashe tun tana jinjira. Tun 1936 Carroll Pfeiffer ya ga alamar haka da ya dasa maraina a jikin jarirai mata, sai dai shi ya ɗora laifin a kan fituwitari, ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sako LH ɗin, daga baya aikin Geoffrey Harris a Ingila ya nuna daga ƙwaƙwalwa abin yake.

Akwai kuma na Margaret McCarthy a jami'ar Merilan. A 2004 ita da Amateau suka nuna istaradiyol ba shi kaɗai ke aikin ba, yana sa a samar da furostagilandin E2, sinadarin nan dai da ke kawo zazzaɓi da kumburi, shi ne ke ninka 'yan ƙayoyin da jijiyoyi ke haɗuwa ta kansu a wannan yankin. Suka ba jarirai maza indometasin wanda ke toshe shi, suka girma ba su da kuzarin barbara. E, indosid ɗin da mutanenmu ke barbaɗawa a abinci su kashe ɓera, ashe tsakaninsa da ɓera tsohuwar gaba ce. Daga baya ɗakin gwajinta ya gano har maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwa na ƙwaƙwalwa, da hannunsu a ciki.

Sunan da malaminku zai so ya gani a takarda shi ne Phoenix, Goy, Gerall da Young, 1959, jami'ar Kansas. Su suka raba aikin homon gida biyu, na tsarawa tun farko wanda ba ya gogewa da na tayarwa bayan balaga wanda ke zuwa ya tafi, ɗauri da rinin Baba kenan. Amma fa da ɓeran Masar suka yi, shi kuwa cikinsa ya haura wata biyu, da gashinsa da idonsa a buɗe ake haifarsa, dole sai uwar suka yi wa allura tana da ciki.

Abu biyu kar su kayar da ke. Ba ko'ina ne sai an yi canji ba, a lakar baya akwai SNB da Breedlove da Arnold suka bayyana a 1980, jijiyoyin da ke motsa tsokar gaban namiji, wannan da dalar kai tsaye ake biya, ba ruwansa da aromates. Sannan maganar da ake yi wai ƙwaƙwalwar mace ita ce abin da ke fitowa in ba a yi komai ba, ni ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, binciken su Bakker ɗin ya nuna ita ma tana buƙatar ɗan istirojin nata daga baya kafin balaga don halin matan ya kammala. In malaminku tsohon zance yake bi ki rubuta masa nasa, amma ki san wannan.

Ɗan_Kara | Asabar, 8:22 na safe

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne can, harkar dabbobi nake, duk Juma'a ina Wudil, amma bayanin Hajiya Dakta ya tuna min da wata asara da na taɓa tafkawa. Na sayi wata karsana fara kyakkyawa na kai ƙauye a ajiye min don ta yi ta haihuwa, shekara ɗaya shiru, biyu shiru, an kai ta wajen bijimi ya fi a ƙirga, ita ko alamar nema ba ta yi, sai ƙiba da faɗin wuya kamar sa. Ran nan wani dattijon Bafulatani ya zagaya ta ya ɗaga wutsiyar ya duba, ya taɓa hantsar, ya ce min Alhaji wannan ba tagwaye aka haife ta da namiji ba kuwa? Na bi diddigi wajen wanda ya sayar min ashe haka ne. Ya ce to ka kai wa mahauta, irinsu ba sa haihuwa, mu tun kakanni mun san haka. Hajiya wannan shi ne irin na ɓeran naku? Sannan taure da ake dandaƙewa tun yana ƙarami ba ya wari ba ya bin awaki kamar bunsuru, shi kuma a wane ɓangare yake, ɗaurin ko rinin?

Anti_Dakta | Asabar, 9:05 na safe

Alhaji sannu da asara, amma wlh ka kawo kakan maganar gaba ɗaya. Dattijon nan gaskiyarsa, fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan maruƙa mata da aka haifa tagwaye da namiji ba sa haihuwa. A saniya jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwayen kan haɗe, sai jinin wannan ya riƙa shiga wancan, homon ɗin namijin ya isa ga 'yar uwarsa tun ana halittarta. Frank Lillie ya yi bayanin haka a 1916 bayan ya yi ta tattaro mahaifar shanu daga mayankar Cikago, kuma daga irin wannan lurar ne aka fara tunanin homon na iya sauya ɗan tayi. Bambancinsa da zancen Ummi, a karsanarka babbar ɓarnar a mahaifa da gidan ƙwai take, wani homon daban da ake kira AMH shi ke hana su ginuwa. Ɓeraye ma suna da ɗan makamancinsa mai sauƙi, tunda jere suke a mahaifa kamar fasinjan bayan a-kori-kura, macen da ta faɗo tsakanin maza biyu takan ɗan sami rabonta na testostiron ɗinsu, tazarar nan da Baba ya ce a duba takan ɗan fi ta sauran mata, vom Saal da Bronson sun nuna haka a ƙananan ɓeraye a 1980.

Taure kuwa rini ne ya rasa. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ɗaurin an gama shi tun a ciki, kai homon ɗin balaga kawai ka hana shi.

Sarkin_Musu | Asabar, 10:31 na safe

To Anti ni fa yanzu na daina dariya. Kenan duk namijin da muka gani sanyi-sanyi ko macen da ta fi maza zafin kai, homon ne ya saɓa lokaci tun a ciki? Kuma tsakani da Allah madam na da ciki wata biyar, tana fama da ciwon baya, jiya ma na sayo mata maganin ciwon jiki a kemis, kar in je in lalata wa yaro kai.

Anti_Dakta | Asabar, 11:12 na safe

Malam Sarkin_Musu tsaya, kar ka yi tsalle daga keji ka faɗa ɗakin madam. Ko hanyar ma ba ɗaya ba ce. AFP ɗin mutum ba ya kama istirojin yadda na ɓera ke yi, kuma a mutum alamu sun fi nuna testostiron da kansa ke aikin ba sai an canja shi ba. Akwai waɗanda ake haifa da XY, wato tsarin ƙwayar gado irin na maza, marainansu na ciki suna yin testostiron, aromates ɗinsu lafiya lau, amma jikinsu ba ya jin homon ɗin kwata-kwata, sai su fito da siffar mata su tashi a mata, da tsarin ɓera ne da ba haka za a gani ba. Lokacin ma daban, a mutum tun wajen sati 8 na ciki testostiron ke fara tashi ya yi ƙarfi a tsakiyar ciki, sai wani ɗan tashi a watannin farko bayan haihuwa. Kuma abin da ake aunawa a ɓera hawa ne da gantsarewa da sakin ƙwai da kokawar wasa ta yara, ba sanyin hali ko tsiwa ba. A ƙwaƙwalwar mutum bambancin da ake samu ƙanana ne kuma maza da mata sun cakuɗe sosai a tsakiya, ga tarbiyya ga unguwa ga makaranta duk sun sa hannu. Kai ko a ɓeran ma, an taɓa lalata ɗan curin SDN shi kaɗai namijin ya ci gaba da barbararsa, sai da aka lalata yankin gaba ɗaya ya daina, girman abu a gilashi ba shi ne hali ba.

Maganin kuwa ka duba kwalin yanzu. In dangin ibufurofen ne ko daikulofenak ko indosid ta ajiye shi, ba don zancen ɓera ba, don daga sati 20 zuwa sama suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki, can gaba kuma su rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Ta tafi da kwalin wajen awo ta nuna musu, su za su ba ta wanda ya dace. Allah ya sauke ta lafiya.

Ummi_Gwammaja | Asabar, 2:47 na rana

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Anti wlh zancen Wapa ya zauna daram, na ma yi wa 'yan gurup ɗinmu bayani da shi sun ce in turo musu. Baba saura layi ɗaya a ƙasan shafi na biyu, an rubuta wai lasar uwa, ba wani bayani. Lasa kuma ta me? Ko shi ma na share shi ba zai fito ba?

TsohonƊanLab | Asabar, 4:20 na yamma

Kar ki share 'yata, irin layin ƙasan nan su malamai suka fi son ɗaukowa. Jinjirin ɓera ba ya iya fitsari da kashi da kansa, sai uwar ta kama shi da hannuwanta na gaba ta birkice shi rigingine ta lashe ƙasansa sannan yake yi, ita kuma ta shanye fitsarin, in kika tsaya shiru gaban keji minti goma za ki gani, ɗaya bayan ɗaya take bi. Wata mai bincike Celia Moore ta zauna ta ƙirga a shekarun 1980, ta ga uwar ta fi daɗewa a kan 'ya'ya maza, ƙanshin fitsarinsu ne ke jan ta, ƙanshin kuma testostiron ne ya sa shi. Da aka toshe wa iyayen jin ƙanshi suka rage lasar, 'ya'yansu maza suka girma da nawa wajen barbara, jijiyoyin SNB ɗin da Dakta ta faɗa ma suka ɗan ragu. Wato homon ɗin ta hanya biyu yake bi, ta cikin jinin ɗan da kuma ta harshen uwar.

Ina da wata da nake sa ran za ta haihu Talata ko Laraba. In kin gama tes ɗin ki yi min magana ta inbos ku zo ku uku ko huɗu, kar ku wuce haka, hayaniya na sa uwar ta tsorata wani lokacin har ta cinye 'ya'yan. Ku zo da safar hannu, kuma ranar kar wadda ta shafa turare.